Kakin Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko tuwo ba ta miƙo mini hannu da hannu, sai ta ajiye ta kau da kai.

Da tarinta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na shiga mota zuwa asibiti a Tsanyawa. Mai gwaji ya ba ni ƙaramar roba mai murfi, ya ce a kawo kakin safe. Ya ce akwai wani rini da suke ɗiga wa kaki. In da ƙwayar tarin fuka a ciki, rinin zai kama ta, ta riƙa haske a madubin likita.

Na ajiye robar a bakin ɗakinta. Da safe na same ta a naɗe cikin tsumma.

Mai gwaji ya ɗaga ta ya duba. "Malam, wannan ai miyau ne. Ka ce ta yi tari daga ƙirji."

Na gane abin da ya faru. Inna ba za ta ba ɗan farinta ƙazantarta ya ɗauka ba. Ni kuma na kasa buɗe baki in ce mata ta yi kaki. Na ce bari a gama girbin gero, in aika ƙanwata ta faɗa mata. Muna ɗaurin damma ta fara tarin jini. Kafin a yanke dawa mun kai ta makwancinta. Allah Ya ji ƙanta.

Ƙanwar tawa ce ta yi jinyarta. Bayan sadakar arba'in ita ma ta fara tari.

Na kai mata roba da kaina, na tsaya a kanta.

"Yaya, ka fita mana."

"Ba inda za ni. Daga ƙirji."

"Yaushe ka zama likita?"

Ta yi dariya, dariyar ta jawo tarin, tarin ya kawo abin da ake nema.

Da na kai robar, na roƙi mai gwaji ya bar ni in leƙa madubin, ya bari. Ciki baƙi ƙirin, sai 'yan sanduna ƙanana suna haske, tsanwa-tsanwa. Na daɗe ina kallonsu. Abin da ya ɗauke Inna ke nan.

Wata shida ƙanwata tana shan magani, kullum a gabana. Bana ita ta sussuka mana gero.