Neman Kushewar Kakana

Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar neman kushewar kakana ba. Na yi dako a Abijan, na haƙa rijiya da azumi a bakina, amma waɗannan ko ba komai da yamma kana ganin abin da ka yi. Wannan kuwa wata biyu na yi ina kai da kawowa tsakanin Tawa da ƙauyenmu na bayan Bambeye, bisa babur ɗin aro, kullum in dawo da ciwon baya.

Wani tsohon mushen lakwal na unguwarmu, wato malamin makarantar boko, ne ya jawo mini. Shi da wasu jikokin tsofaffin sojoji suka haɗa ƙungiya, suna bin garuruwan Adar suna neman inda aka binne mutanen da Faransa ta kwasa zuwa yaƙi, su kafa wa kowa ɗan allon ƙarfe mai sunansa. Ya ji cewa mahaifin innata na cikin waɗanda suka je suka dawo. Sharaɗinsu ɗaya ne: ka nuna kushewa, a ɗauki hoto, sannan suna ya shiga jeri. Da na riƙe bakina da na huta. Sai na je ƙauye na gaya wa Inna, kuma tun ranar ba ta sake tambayata lafiyar iyali ba, sai maganar allo.

Takarda ba ta ba ni wahala ba. Littafin sojansa na cikin kwallar Inna, naɗe da tsumma, tare da wata lambar girma da ta yi baƙi. Mushe ya karanta ya ce komai ya cika, saura wuri.

To, kakan nawa da rani ya rasu. Wanda ya san Adar ya san da rani ba namiji mai ƙarfi a gari, duk mun tafi bida, wato ci-rani. Ni ina Abijan, sai da damina na dawo na yi gaisuwa. Tsofaffi ne suka haƙa, suka rufe, suka jera duwatsu, suka ɗora ƙaya, kuma kusan dukansu sun bi shi. Maƙabartar tamu fako ce, dutse ko'ina, ba ka rarrabe wanda mutum ya ajiye da wanda Allah ya ajiye. Ban taɓa tambaya ba tsawon shekarun nan, don ba wanda ke tambaya. A yi wa mamaci addu'a daga inda ake, shi ke nan.

Mutum uku na samu da suka ce suna gari a shekarar. Na farko ya ce gindin aduwa ne, ba shakka. Muka je, ba aduwa, an sare ta tun shekarun fari, ya tsaya yana juyi da sandarsa yana faɗa da waɗanda suka sare ta. Na biyu ya ce wancan ƙarya yake yi, ranar yana kwance da kurkunu, wurin yana can gefen hanyar rijiya. Da na ce mu je ya gwada mini, sai ya ce gwiwa. Na uku ba ya ji sosai. Na yi ta ɗaga murya, shi kuma ya kwashe tun hantsi har azahar yana ba ni labarin takalman kakana, yadda yake saka su ranar kasuwa mutane na ba shi hanya. Kushewa kam ya ce ai yana ciki, Allah ya jiƙansa.

Liman ma da farko ya ƙi. Ya ce ba a gini bisa kabari, kuma Allah bai manta inda ya ajiye bawansa ba. Sau uku na koma kafin ya yarda da ɗan allo ba siminti, amma sai in na tabbata da wurin.

Abin haushin, mai tuna komai tana cikin gida. Inna ta san ranar, ta san wanda ya yi wanka, ita ta ɗinka likkafani da hannunta. Amma mata ba sa rakiyar gawa. A bakin zaure ta tsaya aka fita da shi, iyakar saninta ke nan.

Mushe ya fara matsa mini. Damina ta kusa, za su wuce wajen Takanamat da Tebaram, ba za su dawo ta kanmu ba. Ya ja ni gefe ya ce in zaɓi tarin dutse ɗaya tsakanin inda tsofaffin biyu suka faɗa, ai niyya ake dubawa. Na gaji, don haka na yi. Na zaɓi wani mai ɗan tudu, na ɗauki hotonsa da waya, na kai wa Inna bayan la'asar tana tsince wake.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya gwada maka nan ne?"

Na ce, "Ba kowa, Inna. Wajen dai ke nan, kusa-kusa."

"In macce ce ciki hwa? Ka aza sunan babana bisa matar wani?"

Nan raina ya ɓaci. Na gaya mata wata biyu ban yi aikin kaina ba, mai babur ya fara ɓata rai, tsofaffin garin ba wanda ya san gabas, kuma in ban ba da hoton nan jibi ba sunan ba zai shiga jeri ba har abada. Ta bar ni na gama, ba ta daina tsintar wakenta ba.

Ta ce, "Ni ko anka kahwa shi can, mi zan gani? Ban taɓa taka wurin ba, ba ni kuma taka shi sai ran da anka ɗauke ni. Ga zaure nai nan. Nan yake zama, nan anka hita da shi. Nan ka sa."

Na ce ƙungiya ba ta ba da allon zaure, dokarsu kushewa ce. Ta ce su riƙe abinsu, ita ba jeri ta roƙa ba, suna take so ta gani in ta fito shan hantsi. Ba ta iya karatu ba, na kusa gaya mata haka, sai na fasa.

Washegari da safe na goge hoton, na kira mushe na ce su wuce Takanamat abinsu. Ya fara magana, na kashe waya. Na ari cokalin gini, na kwaɓa wata ragowar siminti da na tarar a gidan, na shafe wuri kamar faɗin faranti a jikin zauren, daidai tsayin idon Inna. Na buɗe littafin sojan bisa gwiwata, na ɗauki ƙusa, ina duba harafi ina kwaikwaya ɗaya bayan ɗaya tun simintin bai sha iska ba. Na ƙarshe ya karkace. Na bar shi haka, na tafi mayar wa mutum babur ɗinsa.