Yadda Aka Sace Hannun Don Fulgencio

Shekara talatin da ɗaya Don Fulgencio Chapoñán yana rubuta mana alluna a kasuwar kifinmu ta Chiclayo. Haruffansa masu ƙiba ne, 'yan karkatattu, suna jingina da juna kamar mata a kan benci. Ga shi da taurin kai: ba ya rubuta "kamun yau" sai ya sunkuya ya shinshina kifin. Ni kaina ya taɓa shinshina kifina, ya mayar da allinsa aljihu ya bar ni tsaye. Na zage shi tas, amma gaskiyarsa ce. Shi ya sa duk abin da muka gani da hannunsa ba ma tambaya.

Sai ga wani Renzo, wai mai zane a kwamfuta.

"Baba, wannan hannun naka abin tarihi ne, bari mu adana shi."

Kan tsohon ya kumbura. Ya zauna ya rubuta masa haruffa ɗaya bayan ɗaya, har da lambobi. Ladansa kwanon miyar kifi. Tir!

Haruffan suka shiga kwamfuta, kowa ya ɗauka. Muka fara ganinsu a kwalin alewa, a katin biki, har a tallan maganin basir. Muka yi ta tsokanarsa: "Don Fulgencio, ashe har basir kake warkarwa?"

Wata Litinin muka tarar da sanarwa a ƙofa, da rubutun nan mai fara'a: a kwashe kaya na kwana uku, za a wanke kasuwa a yi feshi. Da a ce da haruffan ofis ta zo, masu tsaye ƙiƙam, wallahi ko tsinke ba za mu ɗaga ba. Amma hannun Fulgencio ne. Muka kwashe har sikeli, muna raha. Ran Laraba wani kamfani, wanda ashe ya sayi filin kasuwar, ya zagaye shi da kwano, ya shigo da motar rusau.

Doña Zoraida mai ƙaguwa ta tare tsohon a bakin titi.

"Munafuki! Nawa suka ba ka?"

"Zoraida, ki ji tsoron Allah. Ba ni na rubuta ba."

"To uban wa ya rubuta? Yau na fara ganin hannunka?"

Ta tofa yawu a gabansa. Ina jin kunyar faɗa, amma ni ma ban buɗe baki na kare shi ba. Renzo kuwa cewa ya yi ai haruffa na kowa ne. Ji ɗan iska!

Yanzu a gefen titi muke kasa kifi. Makon jiya Fulgencio ya kawo min allo, rubutu kamar kaza ta yi tono, ba kyan gani.

Na ce, "Lafiya? Ko hannun ne ya shanye?"

Ya ce, "Da hagu na rubuta. Hannun dama ya zama nasu. Wannan dai ba mai sha'awar kwaikwayonsa."

Na karɓa na rataye. Ya ɗan tsaya ko wata za ta kira shi. Duk layin ba wadda ta ɗago kai.