Jan da ke ƙarƙashin ruwa

Kullum da safe nakan shiga ɗan ɗakin da ke zauren gidanmu na Wara in yi zane da fentin mai, ko da kamar tafin hannu ne. Ba wanda ya koya mini, sai waya da taurin kai. A shekarar da nake magana wata dabara ta shiga kaina: kafin in zana komai sai in shafe ƙyallen duka da launi ɗaya, ya bushe, sannan in ɗora hoton a kai. Shimfiɗa nake ce mata. Na gwada rawaya, na gwada kore, amma ja ya fi su, don in ka ɗora shuɗin ruwa a kan ja sai ruwan ya yi rai. Kaina ya kumbura, har ina ganin duk ƙasar Yauri ba mai ido irin nawa.

Lokacin ne Inna ta roƙe ni abu. Yayana ya rasu da damina, jirginsa ya kife a tafki yana dawowa daga kasuwa, tun daga nan ba ta ƙara taka bakin ruwa ba. Ta ce in zana mata jirgin kawai, ba mutum a ciki, ta rataya a ɗaki ta riƙa kallo. Ba ta taɓa neman zanena ba sai ran nan. Da cewa take ɓarnar kananzir kawai nake yi wajen wanke burushi.

Na shimfiɗa ja, ja wur, na fitar da siffar jirgin da baƙi a tsakiya, na jingine shi ya sha iska. Da hantsi ta shigo mini da kunu. Ta tsaya cak.

"Mi ka yi wa ruwan?" in ji ta.

Ni kuwa, Allah ya shirye ni, sai baki ya buɗe. Na yi ta zuba mata bayanin shimfiɗa, da yadda ja ke tayar da shuɗi, har da nuna mata tsofaffin gwaje-gwajena. Sai da na lura ba ni take saurare ba na juya na dubi abin da take duba. Jirgin ɗanta ne, babu kowa ciki, a tsakiyar jini.

Kunya ta rufe ni, wallahi har yau ina jin ta. Ta ajiye kunun ta fita. Na ɗebo shuɗi na hau shafawa, amma fentin mai ba ya son gaggawa; jan bai bushe ba, suka cuɗe suka koma kamar hanta. Na kankare, jan ya riga ya kama zaren ƙyallen. Dole na juya fuskarsa bango na jira, kwana da kwanaki ina karɓar tuwo daga hannunta ban iya ɗaga ido ba.

Da ya bushe na gama shi a hankali. Abin takaici, ban taɓa yin zanen da ya kai shi kyau ba. Na kai mata ɗaki. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a gefen jirgin, inda ja ke ɗan leƙowa.

"Yana nan ƙasa ko?"

"Yana nan, Inna. In kina so in sake wani a farin ƙyalle."

"Bar shi," ta ce. "Ni ma in na tuna ruwan nan, haka nake ganinsa."

Ta miƙo mini ƙusa, ta nuna bangon da ke fuskantar gadonta.