Kwana Huɗu Muna Cin Kilishi a Kan Teku

Shekarar da aurenmu ya cika talatin, 'yarmu ta fari ta zo gidanmu da ke titin Grand Concourse a unguwar Bronx ta New York wata Asabar, ta ajiye ambulan a kan teburin falo, ta ce kyautarmu ce. Babanta ne ya buɗe, ya gyara tabarau ya karanta: tafiyar kwana shida a jirgin ruwa, daga New York a bi gaɓar teku a yi arewa, ana tsayawa a tsofaffin garuruwan bakin ruwa, ana cin abincin kowane gari. Ya yi ta sa mata albarka. Ni kuwa na ce "Allah ya amfana," na tashi na shige kicin kamar na bar wani abu a kan wuta.

'Yar fari ce, ni kuma tarbiyyar Kano ce ta da. Ba na zama in yi doguwar hira da ita, ba na tambayarta abu kai tsaye. Ƙannenta ina yi musu faɗa ina tsokanarsu, ita kuwa daga gaisuwa sai shiru. Yarinyar da aka haifa a Bronx ina za ta gane wannan kunyar? Ta ɗauke ta rashin so, na sani, kuma shekara da shekaru ina kallonta tana ja da baya. Wannan ambulan shi ne karo na farko da ta matso da kanta, don haka na ƙudura a raina ko me za a yi ba zan ɓata mata rai ba.

Bayan ta tafi na ɗauki takardar na duba da kyau. Kowane shafi hoton kofuna masu dogon wuya, da jan abu a ciki. Shekara ashirin ina aikin jinya a garin nan, Turanci bai gagare ni ba: yawon cin abinci da shan giyar inabi ne, ba ɓoye-ɓoye.

"Alhaji, ka ga abin da aka rubuta nan kuwa?"

"Na gani. Ai ba ɗura mana za a yi ba."

"Ya kamata a tambaye ta."

"To, kira ta mana."

Ya san sarai ba zan iya ba, shi ya sa ya faɗa yana murmushi. In kira ta in ce me? A raina kuwa na riga na yanke hukunci: yarinya ta zama 'yar ƙasar nan, giya ba ta zama komai ba a idonta. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na je shagon mutanenmu na sayo kilishi, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da dabino, na cusa su ƙarƙashin atamfofina.

Ranar farko a jirgi da magariba aka zaunar da mu teburi ɗaya da wani tsohon Bature da matarsa, mutanen kirki, sai dai surutu. Kowa an jera masa kofi huɗu a gabansa. Wani mai baƙar kwat ya tashi yana bayanin giya kamar mai wa'azi, wai wannan tana ƙamshin itace, waccan tana ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa. Jama'a suna shinshinar kofi suna lumshe ido. Ikon Allah! Sai matar ta sunkuyo tana ba ni labari cikin murna, wai miyar kifin da farar giya aka dafa ta, naman kuma kwana ya yi a cikin ja. Na taka ƙafar Alhaji. Muka miƙe tun ba a kawo faranti ba. Wani mai hidima ya biyo mu yana magana, na ɗaga masa hannu ko waiwaye ban yi ba.

Daga nan muka tare a ɗaki. Ɗan ɗaki ne, in ɗaya zai yi sujada sai ɗayan ya hau gado, ga jirgi yana juyawa, alƙiblar da wayar Alhaji ta nuna a raka'ar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Safe garin kwaki da ƙuli-ƙuli, rana kilishi, yamma kilishi da dabino. Alhaji da haƙoransa na roba yana tauna yana mita, wai shekara talatin ya yi da ni don ya zo tsakiyar teku ya sha gari. Na ce wa ya hana shi kiran 'yarsa? Ana turo takardu ta ƙarƙashin ƙofa, wayar ɗaki tana ƙara, na ce talla ce kawai, kada ya kuskura ya ɗauka.

Garuruwan kam sun yi kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. A Newport mun taka titunan dutse, mun ga gidajen katako da suka girmi kakanninmu. Amma duk inda mai jagora ya ratsa da mu, ƙarshenta wani ɗaki ne mai gangunan giya, kowa ya shige, mu biyu mu tsaya a waje kamar masu gadi. A Portland ina zaune bakin ruwa na fito da kilishi, wani farin tsuntsun teku ya sauko ya fizge daga hannuna. Na bi shi da zagi da Hausa, Turawa suna ɗaukar hoto.

Kullum bayan azahar sai 'yarmu ta kira ni a wayar hannu.

"Umma, yaya abincin?"

"Lafiya lau. Ya yi daɗi. Ga babanki."

Rana ta huɗu da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka yi sallama cikakkiya. Na buɗe na ga wata mata tsarata da farar rigar kicin, hannu a ƙugu. 'Yar Kumasi ce, Hausarta irin ta zango.

"Hajiya, lafiya dai? Ciwo kuke yi?"

Na ce lafiyarmu lau.

"To, me ya hana ku zuwa cin abinci? Kwana huɗu muna dafa muku, mu ma'aikata muna cinyewa!"

Na ce mu ba ma cin abin da giya ta taɓa. Ta dube ni, ta dubi ledar gari a kan gado, ta tafa hannu.

"Wace giya? Haba Hajiya! Yarinyarku tun watanni biyu take kiran ofishinmu. Naman halal ta sa aka sayo. Tukunyarku daban, cokalinku daban, ni aka ɗora a kai saboda ni Musulma ce. Har lemon da za a zuba muku a kofi ita ta zaɓa. Ranar farko farantinku yana hanya kuka tashi."

Alhaji ya ajiye kilishin da ke hannunsa a hankali, ya zuba mini ido. Na ce kada ya fara, shi ma da ƙafarsa ya fito. Matar ta juya za ta tafi, sai ta ƙara da cewa tun rana ta biyu suka kira yarinyar suka gaya mata ba ma zuwa, ko wani abu ya same mu.

Tun rana ta biyu. Wato duk "ya yi daɗi" da nake faɗa, ta san gari nake sha.

Da yamma muka je. Aka kawo kifi da miyar tumatir, da naman rago mai laushi wanda ko Alhaji bai sha wahalarsa ba. Ya cinye nasa ya sa hannu a nawa. Ni loma uku na iya, don haushin kaina.

'Yarmu ce ta zo ɗaukarmu a tashar jirgi ta Manhattan. Ta sa akwatuna a but ɗin mota, babanta ya zauna gaba yana zuba labarin tsuntsun da ya yi mini fashi, ta yi 'yar dariya don ladabi. A Harlem ya ce a sauke shi masallaci, zai biyo mu a jirgin ƙasa. Da gangan ya yi, na san halinsa. Muka rage mu biyu, ni a baya, ita tana tuƙi. Fitilar kan titi ta tsayar da mu, ta dube ni ta madubi.

"Umma, da gaske kin yi zaton zan tura ku inda ba za ku iya cin abinci ba?"

Na so in kauce, amma na gaji da ƙarya. Na ce, "Na yi zato."

Ta gyaɗa kai. Idonta ya cika, muryarta kuwa ba ta yi rawa ba.

"Ni ma fa ina salla, Umma."

Fitila ta ba da hannu, na baya ya danna mana oda, ta ja mota. Na ce, "Na zalunce ki. Ki yafe mini." Ta ci gaba da tuƙi, idonta a kan titi, har muka tsallaka gada muka shiga Bronx.