Rakiyar Ɗan Damagaram Zuwa Dawakin Tofa

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da maƙwabcina mai tsohuwar motar da na roƙa, da ɗan Damagaram ɗin nan da ke zaune a shagon ƙofar gidana tun da ya zo Kano karatun aikin gona a jami'a. Ya gama tun bara, aiki ya ƙi samuwa. Mahaifinsa kuma ya riga ya yanke magana: in kaka ta yi bai samu abin yi ba, ya tattara ya koma gida. Wani kamfanin iri da ke bayan Dawakin Tofa ne ya kira shi ganawa, suna neman malamin gona guda ɗaya da zai riƙa zagaya manoma. Ni kuwa na bi shi ne don na san halinsa. Yaron nan ko ƙafarsa ka taka, shi zai riga ka ba da haƙuri.

A Dawanau muka tsaya karyawa, tsakanin manyan motoci da 'yan dako. Ƙosan zamanin nan abin tausayi ne, sai ka jefa uku a baki kafin haƙori ya san an yi baƙi, kokon kuma har gindin kofi kake hangowa. Maƙwabcina bai bar mu mun sha iska ba da zancen tsadar mai. Duk gangaren da muka samu sai ya kashe mota, mu sulala shiru kamar masu satar hanya, ni kuma ina ta duba agogo.

Da muka bar babban titi sai gonaki suka rufe mu. A wannan yanki babu ƙasar da ke hutawa. Gona manne da gona, gero ya sunkuyar da kai, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, ga ɗorawa da kuka tsaye jefi-jefi, kafin ka fita daga wannan ƙauye ka hango rumbunan na gaba. Ganin geron nan ya tuna mini kaka ta ƙarato, sai na juya na ce wa yaron ya gwada mini abin da zai faɗa. Ya lissafo darussan da ya karanta. Na ce, to aikin ƙauyen fa?

Domin damina biyu ya yi yana ɓacewa duk ƙarshen mako, ya dawo futu-futu da ƙasa. Wani ƙauye yake zuwa kusa da Tofa, yana koya wa manoma tassa irin ta ƙasarsu, wato 'yan ramukan da ake haƙawa a fako tun da rani, a zuba taki, in ruwa ya sauka su riƙe shi, a shuka a ciki. Ko sisi ba ya karɓa.

"Baba, wannan ai ba na faɗa ba ne," in ji shi. "Don Allah na yi. In na kai shi gaban manaja, na sayar da ladan ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa kai baƙo ne a ƙasar nan, takardarka irin ta kowa ce, ba ka da kawu a ofis, ba ka da mai buga waya dominka. Abu ɗaya ka fi 'yan gari da shi, kuma shi ne za ka zauna a kai? Ya ce to, Baba. Na san irin wannan to ɗin, ta rabuwa da dattijo lafiya ce.

Harabar kamfanin cike take da matasa, wasu da kwat cikin wannan zafi. A ƙarƙashin rumfa ake ganawar, don haka daga gindin wata ɗorawa ina jin komai. Wani saurayi mai jan takalmi ya yi ta zuba Turanci, ya mayar da 'yar gonar gwajin makarantarsu kamar shi ya ciyar da jihar Kano. Ban ga laifinsa ba, abin da ya kawo shi ke nan. Da aka zo kan namu, manajan, wani mai furfura a gemu, ya dube shi ya ce, "Kai daga Nijar kake. Ka taɓa aiki da manoman nan ƙasar kuwa?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan kaɗan dai."

Manajan ya jira. Ni ma na jira, har da yin tarin da ba ni da shi. Aka sake tambayarsa ko akwai abin da zai ƙara, ya ce babu, sai godiya. Wallahi ji na yi kamar in cire hulata in jefe shi da ita.

Muka kamo hanyar dawowa. Azahar ta riske mu kusa da Tofa, yaron ya ce mu ratse ƙauyen nan da yake zuwa mu yi salla. Tun kafin mu fito daga mota aka yanyame shi. Wannan ya kawo dafaffiyar gyaɗa, wancan gasasshiyar masara, wata tsohuwa ta aiko da fura mai kauri irin wadda na manta rabona da ita. Bayan salla mai unguwa ya ja ni bayan gari ya nuna mini wani fili, ya ce tun yana yaro ko ciyawa ba ta fitowa a nan. Geron da ke wurin ya fi ni tsawo. Maimakon in yi murna sai takaici ya ƙara kama ni. Na ce wa mai unguwa ya shiga mota. In shi yaron yana tsoron ladansa ya zube, mu namu bakin ba abin da zai zubar.

Maƙwabcina ya yi ƙunƙuni a kan mai har muka koma kamfanin. La'asar ta yi, harabar ta watse, manajan na shirin rufe ofis. Mai unguwa ya zayyana masa komai. Manajan ya dubi yaron ya ce, "Ashe kai ne ɗan Nijar ɗin da manomanmu ke ba ni labari? Ai irinka nake nema. Na tambaye ka da bakina." Ya riga ya kira mai jan takalmi ya ba shi aikin, kuma ya ce ba ya yin magana biyu. Muka haƙura, don gaskiya ya faɗa.

Muka sauke mai unguwa, mutanen ƙauyen suka cusa mana damin sabon gero a bayan mota, muka iso gida ana kiran magariba. Abin da tafiyar nan ta koya mini, kuma nake so duk ɗalibin da ya baro ƙasarsu ya ji, shi ne mai ɗaukar aiki ba duba yake yi ba. Abin da ka faɗa masa shi ya sani. Kunya tana da wurinta, amma in an tambaye ka aikin da ka yi, ka faɗi gaskiya, wannan ba fariya ba ce, kuma Allah ya san niyyar da ka haƙa raminka da ita.

Da aka gama yanke gero na raka shi tasha, da jakarsa da damin nan da aka sussuka masa. Gidan zai yi mini faɗi, ban ɓoye masa ba. Ya shiga mota, na leƙa ta taga na ce, "To, in mahaifiyarka ta tambaye ka me ka yi a Kano duk shekarun nan, me za ka ce mata?"

Ya yi murmushi, idonsa ya ciko. "Ɗan kaɗan dai, Baba."