Bisimillar da Ban Ji Ba

Ranar wata Laraba ce, kwana tara bayan ƙaramar Salla, shekarar da nake aji huɗu a lakwal, makarantar bokon kartyenmu, wato unguwarmu, a Gaya. Laraba ba a komawa aji da yamma, saboda haka ina zaune ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu ina ƴar carafke ni kaɗai, da duwatsu biyar da na tsinto a bakin kogi, ina ƙirga su bayan kowane zagaye don kada ɗaya ya ɓace. An gama kiran azahar ke nan, zafi ya sauko har kajinmu sun buɗe baki sun lafe a gindin randa. Sai muka ji sallama daga zaure, da wata murya mai kauri da ban sani ba. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe. Na ga rariya ta tsaya cak a hannunta. Sai da aka sake sallamar ta miƙe, gari duk a zaninta, ta ce a hankali, "Idi?"

Kawu Idi ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko kaya daga Kwatano ya hayo gada ya yi arewa, kuma ba watan da ba ya ratsa Gaya ta babban titin da muke jin ƙarar motocinsa daga cikin ɗaki. Amma shekara shida bai taka gidanmu ba. Tun bayan rasuwar Iya, mahaifiyarsu, suka saɓa a kan gonarta ta ƙauyen Tanda, wadda ya sayar ba tare da ya shawarci yayarsa ba. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini haka; a bakin rijiya na tsince shi guntu-guntu, lokacin da mata ke zaton hankalina yana kan guga. A can ne kuma na ji al'adar danginsu Inna: ruwa ba ya kashe faɗa, domin ko maƙiyi ana miƙa masa ruwa. Wanda ya zo bayan saɓani sai ya sa hannu a kwanon gidan, ya ci naman da aka yanka dominsa, sannan a san magana ta mutu. In ya fita bai ci ba, to gaisuwar kan hanya ce kawai ya yi.

Kawu ya zauna a bakin tabarma ƙarƙashin rumfa, yana ta juya hularsa a hannu. Ya ce motarsa tana layi a duwan, wurin ƴan kwastan, takardu za su fito wajen la'asar, kuma abokin tuƙinsa zai danna masa oda sau uku in an sallame su. "Gaisuwa kawai na shigo yi, Yaya, kada ki wahalar da kanki," in ji shi. Inna ta ce to. Ta kawo masa ruwa da buta, ya yi salla, ya ɗan kishingiɗa, gajiyar hanya ta ɗauke shi. Tana jin numfashinsa ya sauya, sai ta lallaɓa ta kwashe takalmansa, ta kai su bayan zana, ta kifa turmi a kansu. Daga nan ta dube ni ta yi mini nuni da jan zakaran da muke ajiye wa Babbar Salla.

Ni kuwa tun ina ƙarama mai zullumi ce. Kafin in fita zuwa lakwal sai na buɗe jakata sau uku in tabbatar alli da allona suna ciki, in na kai ƙofar aji in sake buɗewa. In aka aike ni sayen gishiri, ina tafe ina maimaita "gishiri, gishiri" har in isa, in na dawo kuma in tsaya a zaure ina tunanin ko dai kanwa aka ce. In na share tsakar gida sai in koma in duba bayan rumbu. Ƴan ajinmu ba sa son sa ni a wasan ɓuya, domin nakan fito tun ba a nemo ni ba, in tambaya ko wurin da na ɓuya yana cikin ƙa'ida. Kusan kowace magana tawa da "ko dai" take farawa, har sunana Rabi ya kusa ɓacewa, gida da waje Kodai ake kirana. Saboda haka da Inna ta watsa tsaki a cikin akurki, zakara ya shiga, ta kife shi da kwando ba ko kuka ɗaya, ta ɗaure masa ƙafa ta ɗora mini a hannu, ni na san an ɗora mini abin da ya fi ƙarfina.

Babanmu yana gonar shinkafa a bakin kogi, ba ya dawowa sai magariba. Mace ba ta yanka a wurinmu, kuma ba a miƙa wa baƙo wuƙa ya yanka kazar da za a karrama shi da ita. Ko an miƙa wa Kawu ma cewa zai yi a bar ta ta sha iska. Sai Inna ta ce in bi ta ƙofar baya in kai wa Baba Sanda, wani tsohon masunci maƙwabcinmu, wanda ƙafa ta hana shi shiga jirgi, yake yini yana ɗinkin taru a inuwar bango. Na same shi a nan. Ya ce mini "Fofo", gaisuwa irin tasu ta Dandawa, ya karɓi zakaran ya auna shi a hannu, ya ɗiga masa ruwa a baki, ya juya gabas, ya take fukafukai da ƙafafu. Na matso kusa don in ji. To, jikin bangon nan akwai injin niƙa, kuma daidai lokacin da ya sunkuya mai injin ya tayar da shi. Gemun Baba Sanda ya rufe bakinsa, ƙarar inji ta rufe komai. Na ga wuƙa ta wuce, na ga jini a ƙasa, amma ban ji ya ce bisimilla ba. Na buɗe baki in tambaya, kunya ta kama ni. Yaya yarinya za ta tambayi tsoho mai furfura ko ya ambaci Allah? Ya miƙo mini zakaran ya yi mini alama da hannu in ruga.

Na tarar Inna ta hura murhu biyu a bayan zana, abin da ban taɓa ganin ta yi ba sai ranar suna. Ruwa ya riga ya tafasa a ɗaya. Ta tsoma zakaran ta ciro, muka fige shi hannu huɗu, gashin yana manne mana a yatsu, ta babbake shi a harshen wutar kara, ta wanke, ta feɗe. Ba ta yanka shi manya-manya kamar na Salla ba. Ƙanana ta yi, kowace tsoka kuma ta tsaga ta har wuƙa ta taɓa ƙashi. Citta da tafarnuwa da masoro da gishiri a kan dutse ta niƙa su, domin daka zai tayar da Kawu, kuma turmin ma yana da aikin da yake yi. Ta murje naman da su, ta zuba a tukunya da ruwa ludayi biyu kacal, ta rufe da faranti, ta ɗora dutse a kai don kada tururi ya tsere. A murhu na biyu ta ɗora kasko da man gyaɗa. "Mai ba ya dafa kazar gida, ja kawai yake ba ta," ta ce mini, abin da take faɗa duk ranar suya. "Ruwa ne ke yin aikin." Aikina shi ne in riƙa tura itace ina fifita wutar biyu da murfin kwano.

Ina fifitawa, hankalina yana can wurin yankan. Malaminmu na makarantar allo ya karantar da mu cewa abin da aka yanka ba a ambaci sunan Allah ba mushe ne. Ni kaɗai na tsaya a wurin yankan. In mushe ne, ni ce zan ciyar da Kawu mushe, da Inna, da duk wanda ya lashi romon. In kuwa na faɗa, Kawu zai janye hannunsa, oda za ta yi kuka, ya tafi bai ci ba, wata shekara shida ta biyo baya, ko ma fiye. Na riƙa maido da bakin Baba Sanda a idona ina duba ko gemun ya motsa. Wani lokaci in ga ya motsa, wani lokaci in ga iska ce. Sau biyu na ce, "Inna, ko dai..." sau biyu tana cewa, ba ta ko dube ni ba, "Ko dai ki hura wutar nan, Kodai."

Da ruwan ya kusa tsotsewa ta buɗe, ta soka tsinke a cinya ya shige ba gardama. Ta kwashe naman a kwando ya tsane, don kada mai ya yi tsalle. Ta jefa yankin albasa a kasko, ya taso nan take yana rawa, ta ce mai ya yi. Ba ta cika kaskon ba, kashi uku ta yi, kowane kashi ta juya shi sau ɗaya ta kwashe shi ja wur. Ɗan romon da ya rage a tukunya ta jiƙa garin rogo da shi, ta yanka albasa a kai. Ta barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli a kan naman, ta ɗora ƙundu a can sama, domin ƙundu na baƙo ne. Inuwar zana ba ta kai gindin rijiya ba, wato la'asar da saura. Ƙamshi kuwa ya riga mu zuwa rumfa. Mun tarar Kawu a zaune yana leƙen ƙarƙashin tabarma yana neman takalmansa.

Inna ta ajiye kwanon a gabansa, ta koma gefe ta zauna. Ya daɗe yana kallon ƙundun nan. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya miƙa hannu ke nan, sai na ji muryata ta fito da kanta: "Kawu, dakata! Ban ji Baba Sanda ya ce bisimilla ba. Inji yana ƙara." Hannunsa ya tsaya a iska. Ban taɓa ganin fuskar Inna kamar yadda na gan ta a lokacin ba, ba fushi ba ne, wani abu ne kamar na wanda tulunsa ya suɓuce a ƙofar gida bayan ya ɗauko shi tun daga kogi. A daidai nan kuma, daga can titi, oda ta yi kuka sau uku.

Kawu ya dube ni, ya dubi Inna, sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariya ce, har da hawaye. "Yaya," ya ce, "ashe Iya kika sake haifa ba ki gaya mini ba! Kin tuna ranar da ta sa muka koma Tanda da ƙafa don ta duba ko ta rufe rumbu?" Inna ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Kuma a rufe yake." Suka yi ta dariya, dariyar da ni ban san inda ta ƙare kuka ya fara ba. Sannan ya jawo ni kusa ya ce, "Uwata, Sanda ko allurar taru zai ɗauka sai ya yi bisimilla, tun muna yara muke tsokanarsa da haka. Musulmi ne ya yanka. Mu namu mu ambaci Allah mu ci. Saurara da kyau, kada ki ce ba ki ji wannan ba." Ya ɗaga murya ya ce bisimilla har kaji suka watse daga gindin randa, ya ɗauki ƙundun ya raba biyu, ya ci rabi, ya miƙa wa Inna rabi. Oda ta sake kuka, bai ko waiwaya ba. Sai da ya ci cinya da garin rogo loma biyar, Inna ta ƙunshe masa sauran a takarda, sannan ta aike ni in ɗaga turmi in ɗauko masa takalmansa. Tun daga ranar, duk wata sai mun ji odarsa a titi, mu ji sallamarsa a zaure, kuma bai sake kirana da wani suna ba sai Uwata.

Yau ina da nawa gidan, a Gayan dai, da murhun gaz da firigo na sanyaya abinci. Cinyoyin kaza ana sayar da su a daskare, an fige an yanka, masu laushin da ba sa buƙatar dutse a kan faranti. Kafin ƴaƴana su cire kayan lakwal na soya na sauke. Ba akurki, ba tsaki, ba wanda za a aika ta ƙofar baya. Amma har yanzu nakan tsaya gaban mai shago ina juya ledar ina tambayarsa wa ya yanka, ya ce Hajiya ga rubutun halal nan a jiki, in karanta rubutun sau biyu da ɗan karatuna na aji shida, in saya, in dawo gida ina ko dai. Inna da Kawu da Baba Sanda duk sun riga mu gidan gaskiya, injin niƙan ma an mai da wurinsa shagon waya. In na sa mai a kasko nakan ce bisimilla da ƙarfi, ƴaƴana su yi ta dariya suna cewa ai maƙwabta ma sun ji. Ni dai so nake kada wata yarinya a gidan nan ta ce ba ta ji ba.