Batiran surukina

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Ko sunayen garuruwan da na kwana a cikinsu lokacin da nake tuƙin babbar mota, sai na yi ta lalube kafin in tuna. Amma akwai wata Juma'a a gidana na Zongo, nan Kwatano, wadda na san da ita za a sa ni a kabari.

Bayan na ajiye tuƙi, na ba 'yata ta fari da mijinta ɗakin da ke bakin titi. Suka raba shi biyu da allon katako. Gaba ya zama shagon mijin, baya kuma nan suke kwana, nan ne ma take ɗinki a kan kekenta. Ƙofa ɗaya ce tak, duk mai fita sai ya bi ta shagon. A lokacin tana goyon jaririya 'yar wata huɗu.

Surukin nawa mutumin kirki ne, kuma hannunsa na da basira. Yakan sayo matattun batiran kwamfuta daga masu kayan gwanjo na wajen tashar jirgin ruwa, ya fasa su, ya fito da ƙananan batiran da ke ciki, kowanne kamar babban yatsa. Sai ya haɗa su, ya naɗe da salatif, ya yi fitilu da abin cajin waya. Matan kasuwa da 'yan zem, masu haya da babur, su ne masu sayensu, don a shekarun nan ɗaukewar wuta ta ishi kowa.

Abin da yake caji da shi ne ya dame ni. Da kansa ya haɗa shi daga tsohon injin cajin batirin babur, wayoyi biyu tsirara suna reto. Caja ta kamfani tana tsayawa da kanta idan batir ya cika. Tasa ba ta san tsayawa ba. Yakan jera batiran a farantin ƙarfe kusa da ƙofa, jim kaɗan ya ɗora bayan hannunsa a kansu. In ya ji ɗumi sai ya zare. Hannun nan nasa shi ne ma'auninsa gaba ɗaya.

Ni kuwa na ga duniya. A filin jirgin Jidda an taɓa sa ni na buɗe jakata saboda batir guda ɗaya irin wannan, ma'aikacin ya riƙe shi kamar ya kama kunama. A Legas na ga rumfar mai gyaran waya ta ƙone ƙurmus kafin a kawo bokitin ruwa na biyu. Na san abin da kumburarren batir ke nufi, kuma na ga biyu a farantin surukina, cikinsu ya ɗago.

To, ina jin Hausa da Zabarmanci da Fon da Yarabanci da Faransanci, amma duk a cikinsu ban sami harshen da zan yi wa mijin 'yata faɗa da shi ba. A gidanmu suruki ba a zama da shi a yi doguwar magana. Yakan durƙusa ya gaishe ni, idonsa a ƙasa, in amsa ina kallon wani gefe, shi ke nan. Ita kuma 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa. Sai na bi hanyar da iyayenmu suka bi, na kira uwarta.

Na ce, "Hajiya, ki gaya wa yarinyar nan ta gaya wa mijinta ya fitar da abin nan daga ɗakin. Wuta ce yake kwana da ita."

Ta ce, "Kai Alhaji, yaro yana neman halalinsa, yau kuma ka zama injiniya? Za su ce korarsu kake yi."

"Ni dai ki faɗa."

Ta ce ta ji. Na ɗauka na sauke nauyi.

Ranar Juma'ar, tun safe babu wuta. Zafi da danshin teku suka taru, riga tana manne wa mutum a baya. Da zan wuce masallaci na leƙa shagon da gefen ido, na ga farantin cike, wayoyin a maƙale. Surukina ya jona su ya bari, don yana ganin wutar ba za ta dawo ba sai yamma, kamar yadda ta saba.

Liman ya fara huɗuba ke nan sai fankokin masallaci suka motsa. Jama'a suka yi ajiyar zuciya, iska ta zo. Surukina yana sahun gabana daidai. Na ga ya ɗaga kai ya dubi fankar, wuyansa ya sandare. Ya ɗan yunƙura kamar zai tashi, ya waiwayo, idonsa ya faɗa a kaina, sai ya koma ya zauna. Ni ma na fahimci abin da ya tuna. Da na ɗaga masa yatsa ɗaya kawai, da ya fita. Na sunkuyar da kai, na ce a raina ai huɗubar ba za ta daɗe ba.

Ta daɗe. Muna sallame salla muka ji ihun mata daga layinmu.

Abin da ya faru, daga baya 'yata ta ba uwarta labari. Tana ɗinki, jaririyar a bayanta, sai ta ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, sannan ƙara kamar harbin bindiga. Ta leƙo ta ga batiran suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, suna tsartuwa da wuta, allon katako ya riga ya kama. Farantin yana bakin ƙofa, ba ta da wata hanya. Ta ja zani ta rufe kan jaririyar, ta sa hannun dama ta ture farantin gefe, ta faɗa waje. Wani batir ya fashe daidai lokacin da tafinta ke kansa.

Ko da muka iso, maƙwabta sun kashe mita sun ci ƙarfin wutar da yashi da ruwa. Jaririyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuka kawai take. 'Yata tana zaune a ƙasa, ta riƙe hannun a sama, ba ta kuka.

A barandar asibiti surukina ya zo ya durƙusa gabana.

Ya ce, "Baba, na ga fankar."

Na ce, "Ni ma na gani. Me ya hana ka tashi?"

"Kuna bayana, Baba. Na ji kunyar in tsallake ku ana huɗuba."

Na tambaye shi ko saƙona ya same shi. Ya ce ya same shi. An ce masa Baba yana sa wa sana'ar albarka, ya ce a riƙa kula. Maganata ta bi ta baki biyu, kowa ya sassauta ta don kada ran wani ya ɓaci, har ta iso babu komai a cikinta.

Yatsu biyu na hannun 'yata ba su sake lanƙwasawa ba. Ta koyi riƙe almakashi da hagu, tana ɗinki a hankali, rigar da take gamawa a wuni ɗaya yanzu sai ta kwana uku. Mijin bai bar sana'ar ba, amma ya koma da ita rumfa can nesa da ɗakin kwana, ya sayi caja mai tsayawa da kanta. Batirin da ya kumbura ba ya ajiye shi, kuma ba ya barin komai a jone in zai ɗaga ƙafa, ko da wuta ko babu.

Ni abin da na koya ya zo mini a makare. Kunya tarbiyya ce, ban raina ta ba, amma in ka ga abin da zai ƙona mutum, ka buɗe bakinka ka gaya masa ido da ido, ko wane ne shi a wurinka. Yanzu surukina yana zama kusa da ni a tabarma ɗaya, in na ga kuskure in faɗa masa. Ita kuma tun daga barandar asibitin nan nake kiran sunanta. Ranar farko da na kira, ta daɗe tana dubana, don ba ta taɓa jin sa a bakina ba.